Kawuna Ba Ma'aikacin Sirri Ba Ne

Allah da ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke unguwar Bolewa. Daga wurin Allah muka zo, can kuma za mu tattara mu koma, wannan ba wanda ya isa ya ja. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganganun da aka yi ta zubawa a kan tabarmin nan, ina zaune ina ji, ba halin in toshe kunne.

Ranar farko dai yabon nan ne na gama-gari da ake yi wa kowane mamaci. Mutumin kirki ne. Ba ya faɗa da kowa. Wani mai babbar riga, wanda ban taɓa ganin ƙafarsa a gidan ba, har da girgiza kai, wai marigayi mutum ne da ba ya shiga harkar da ba tasa ba. Na dube shi na kau da kai. Kawu ne ba ya shiga harkar mutane? Mutumin da duk rayuwarsa ba abin da ya fi so irin ya tsoma baki a harkar mutane a gaban taro?

Mai karɓar gaisuwa a tabarmar tsakiya shi ne Kawu Ƙarami, ƙanin marigayi, wan mahaifiyata. Ɗan kwangila ne, mai tumbi da turare. Tun tasowata ban taɓa jin ya ambaci wansa a bayan ido da wani suna ba sai "ɗan diramar nan namu." Yanzu ga shi ya naɗe ƙafa, carbi a hannu, yana ta goge idon da ko ɗigon hawaye babu.

A rana ta biyu da safe wani dattijo ya sauko daga keke, riga duk ta koɗe, ƙafa ta sha ƙasa. Ya gaisa da kowa da Hausarsa mai nauyin harshen Karekare, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya dubi Kawu Ƙarami.

"Alhaji, ba ku kaɗai kuka yi rashi ba. Gwamnati ma ta yi rashi. Irin wannan ma'aikaci ba kullum ake samu ba."

Kawu Ƙarami ya ce, "Ma'aikaci kuma?"

"Mai binciken nan mana. Shi ya zo ƙauyenmu can bayan garin Mamudo ya karɓo mini gonata. Shekara da shekaru ina neman inda yake in yi godiya. Sai jiya wani direba yake gaya mini ashe nan ne gidansa, kuma ya rasu."

Ni na gane dattijon tun kafin ya gama magana, don ina wurin ranar da abin ya faru. Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu Ƙarami ya yi wuf ya riga ni. Ya gyara zama, ya dubi hagu da dama, ya sassauta murya yadda duk wanda ke kan tabarmi sai da ya miƙo wuya.

"Baba, a bar maganar nan haka. Irin aikinsu ba a faɗinsa a fili. Mu 'yan gida mun sani tuntuni."

Mun sani tuntuni! Ka ji fa. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa. Kafin rana ta uku kowa ya zama shaida. Wani ya rantse ya taɓa ganin Kawu yana fitowa daga baƙar mota mai baƙin gilashi a hanyar Maiduguri. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana zargin gyaran agogon nan rufa-ido ne, rediyoyin da ke teburinsa kuma da su yake karɓar saƙo. Babban ɗan marigayi, wanda lokacin yana makaranta in an tambaye shi sana'ar ubansa sai ya ce ɗan kasuwa ne, shi ma ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa, in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce akwai abin da ba zai iya faɗa ba. Tir! Suna jin kunyar a ce ɗan wasa ne, amma ba sa jin kunyar ɗora wa mamaci ƙarya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Na tare Kawu Ƙarami a zaure na ce masa ranar sadakar bakwai zan miƙe a gaban jama'a in faɗi ko wane ne Kawu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ka miƙe mana, malam. Ka ce musu kawunka ɗan wasa ne. Sai mu ga wanda za a yi wa dariya."

To ga wanda za a yi wa dariyar.

Kawu mai gyaran agogo da rediyo ne. Teburinsa na nan kusa da tasha, ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda ƙarar manyan motoci ba ta barin mutum ya ji ƙarar agogon da ake gyarawa. Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu: ba shi da sauri ko kaɗan. Agogo kan yi wata biyu a wurinsa. In ka kawo naka ka ce ya tsaya, ba zai karɓa ba sai ya gama da kai. Yaushe ka fara lura? Faɗuwa ya yi ko jefa shi aka yi? Wa ka ba aro? In ka gama rantse-rantsenka sai ya maƙala gilashin nan a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon, ya ce, "Na ji." Bai taɓa cewa na yarda ba. Na ji kawai. Mutane da yawa sun bar kawo masa gyara saboda wannan kalmar.

Amma rayuwarsa ta gaskiya tana cikin ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. 'Yar ƙungiya ce, malaman makaranta ne da tela ɗaya da wata ma'aikaciyar jinya, muna zagaya ƙauyuka muna wasa a filin gari bayan la'asar, yawanci gab da faɗuwar damina, lokacin da rigimar gona take tashi. Ni na shiga bayan na fara koyarwa a firamare. Saboda ina da murya da faɗin fuska sai aka ba ni mai unguwa, mai unguwan nan mai son kai da ke yanke hukunci ga wanda ya fi kawo masa kaji.

Shi kuwa Kawu matsayinsa ba shi da suna. A tsakaninmu Baƙo muke cewa. Wasa zai yi nisa, maƙwabta biyu suna rigima kan iyakar gona, mai unguwa yana shirin danne mai gaskiya, sai wani mutum ya miƙe daga cikin 'yan kallo, da farar kaftani da hula da ɗan littafi a hannu, ya ce, "Ku dakata." Ba wanda ya san daga ina yake. Ba wanda ya san wa ya aiko shi. Ya shigo fili ya yi tambayoyinsa, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ratsa jama'a ya tafi, mu kuma mu ƙarasa wasan ba shi.

Kawu bai taɓa zuwa gwaji ba, ko sau ɗaya. Ba ya shiga motarmu. Kwana ɗaya kafin wasa yake rufe teburinsa ya hau motar haya shi kaɗai, ya je ƙauyen ya zauna a kasuwa ko gindin bishiya kamar matafiyin da ke jiran mota. Yana jin Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Fulatanci, amma can sai ya zama bai san komai ba sai Hausar Kano. Mutane su saki baki a gabansa da yarensu, su faɗi wanda ya ci gonar wani da wanda ya toshe hanyar shanu, shi kuwa yana ta ɓare gyaɗa. Kashegari duk abin da ya ji shi zai fito a tambayoyinsa, ba tare da ya kama sunan kowa ba. In an gama wasa muna tafi muna gaisawa da jama'a, shi ya daɗe da kama hanya.

Wannan ɗabi'ar ta sa muka yi faɗanmu na farko. A wasana na biyu ya tsare ni a gaban mutane da tambayar da ban shirya mata ba, na yi tsuru-tsuru, zufa ta keto mini, yara suna ta dariya. Da muka dawo gari na same shi a teburinsa raina a ɓace.

"Kawu, haba! Ko tambaya ɗaya ka gaya mini kafin mu shiga fili. Ka mayar da ni abin dariya."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Mai unguwan gaske ana gaya masa tambaya kafin a zo?"

"Ai ni ba na gaske ba ne."

"Jiya kam da zufar nan ta zubo maka, na gaske ne. Ranar da ka san abin da zan tambaya, ranar ka daina tsoro, jama'a ma su daina. Miƙo mini sukundireban can."

Na yi wata guda ba na gaishe shi da kyau. Bai ma nuna ya lura ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Shugaban ƙungiyarmu, wani malamin sakandare mai son tsari da yawan bayani, shi ma sun sha kai ruwa rana da Kawu. Shi gani yake wasan yana da giɓi. Wai ta yaya za a ce mutum ya shigo ya fita ba a san ko wane ne ba? Ya kawo shawarar a ɗinka wa Baƙo kaki da hular 'yan sanda, a ba shi suna, a ƙarshe kuma ya tsaya ya gaya wa jama'a ofishin da ya turo shi da darasin da ke cikin wasan. Har tela ya auna yadi. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Na ji." Sannan ya ce:

"Ɗan sanda ai sun san shi. Sun san inda ake bi da shi, sun san wanda zai kira shi ya yi sanyi. Wanda ba su san wa ya aiko shi ba, ba su san ƙofar da za su bi ba. In kun sa mini kaki ku nemi wani."

Shugaba ya gwada wani. Ya sa wa wani malamin lissafi kakin, ya shigo yana buga ƙafa yana daka tsawa. Jama'a suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata tsohuwa ta jefa masa goriba. Mako biyu bayan haka shugaba da kansa ya je rumfar kwano, ya tsaya yana kame-kame, wai agogonsa ne yake ja baya.

Abin da ya faru a ƙauyen dattijon nan kuwa, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kuma za ku ga dalili. Dattijon, a lokacin yana da sauran ƙarfinsa, ya yi damina guda a asibiti yana jinyar matarsa. Kafin ya dawo maƙwabcinsa ya tumɓuke layin gambar da ke raba gonakinsu ya sake dasa shi cikin gonar mai jinya. Kowa a garin ya sani. Ba wanda ya yi magana, don maƙwabcin yana da 'ya'ya maza da yawa da baki a wurin manya. Kawu ya ji labarin a bakin wasu mata masu sayar da daddawa, da Karekare, suna yi suna kallonsa suna cewa ai wannan Bakanon ba ya ji.

Kashegari wasa ya yi nisa, ina kan kujerata ta mai unguwa ina ta hura hanci, sai na ji "Ku dakata." Ya shigo a hankali. Ya tsaya a gabana ya buɗe littafi.

"Mai unguwa, gamba tana da ƙafa ne?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To gambar da ke gabas da tsamiya biyu, bara tana ina, bana tana ina?"

Ni ban san wata tsamiya ba. A wasanmu babu tsamiya. Filin ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan gari.

Kawu ya ce, "An ce taku goma ta yi."

Sai kawai wani ƙaton mutum ya miƙe daga cikin 'yan kallo, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba su kai goma ba! Taku shida ne!"

Wallahi ban san lokacin da na sauka daga kujerar mai unguwa ba. Kawu ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya sunkuya ya yi rubutu a littafinsa. Ya rufe. Ya ce, "Na ji." Ya ratsa ta cikin mutane, suna darewa suna ba shi hanya, ya nufi bakin titi. Yadda muka ƙarasa wasan ranar ni ma ban sani ba. Mutanen garin sun san mu 'yan wasa ne, amma shi ba su ga ya zo da mu ba, ba su ga ya tafi da mu ba, kuma ya san abin da ba mu sani ba. Suka yanke cewa jami'i ne ya biyo taro ya yi aikinsa. Da gari ya waye aka ga ƙaton nan, wato maƙwabcin dattijon, da 'ya'yansa suna mayar da gamba mazauninta.

Daga baya na taɓa ɗaukar littafin nan a teburinsa na buɗe, don in ga me yake rubutawa da har yake sa ƙatti rawar jiki. Agwagi ne. Shafi bayan shafi, zanen agwagi, wasu da hula. Na tambaye shi, ya ce su kaɗai ya iya zanawa.

Da labarin mayar da gonar ya iso mana, shugaba ya ce ya kamata a koma a yi wa mutanen bayani, kada a ce mun yaudare su. Kawu ya ce shi bai yaudari kowa ba. Wannan abu ne da yake taƙama da shi har ƙarshen rayuwarsa. "Ban taɓa buɗe baki na ce ni wane ne ba. Ban ce gwamnati ta aiko ni ba, ban ce ba ta aiko ni ba. Tambaya na yi. Wanda ya amsa shi ya san abin da ya sa ya amsa." Ya tsani ƙarya yadda ya tsani agogon roba. Ya ce ƙarya aikin ragwaye ne, waɗanda ba za su iya haƙurin yin shiru ba.

Wannan mutumin ne Kawu Ƙarami yake ɓoyewa in manyan baƙi sun zo. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, a gabana ya sa aka ba wani abokin kwangilarsa waliccin amarya, wansa uwa ɗaya uba ɗaya yana zaune a sahu na uku. Da aka yi masa magana ya ce ai ba za a sa ɗan dirama a gaban surukai ba, kada su zaci auren ma wasa ne. Kawu ya ji da kunnensa. Ya zauna har aka shafa fatiha, ya yi wa amarya addu'a, ya koma teburinsa. Da na je ina ta huci, sai ya tambaye ni ko an ba ni goro, don shi ba a ba shi ba.

Cikin duk waɗanda suka zo gaisuwa, mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, shi ma ba a bar shi ya ƙarasa ba. Maƙwabcin Kawu ne a tasha, wani ɗan kudu Kirista mai sayar da batir da kayan rediyo. A shekarun tashin hankali, lokacin da baƙi suka yi ta barin gari, ya bar wa Kawu makullin shagonsa ya tafi da iyalinsa. Kawu ya riƙa buɗe shagon kowace safiya yana sharewa yana zama a ƙofa, don kada a ga alamar ba mai shi. Da mutumin ya dawo bayan shekara biyu, ko batir ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya zo makoki ya durƙusa, idonsa jajur.

"Baba ya riƙe ni kamar ɗan'uwa. Kuma wasansa, ni na kalla sau uku. Na san shi ne, kullum muna shan shayi tare, amma in ya ce ku dakata, sai in manta na san shi."

Kawu Ƙarami ya katse shi. "Wane wasa kuma? Ai wannan duk dabarar aiki ce, kai ba za ka gane ba."

Mutumin ya dube ni, na dube shi. Ya tashi ya tafi.

A cikin gida ma labarin ya shiga. Mata suka kewaye Iya, matar Kawu, tana cikin takaba, suna cewa ashe haka mijinki yake, kika ɓoye mana. Ƙanwata ta ce Iya ta yi dariyar da sai da aka rufe mata baki da mayafi. Ta ce, "Sirrin me? Mutumin da ko goro ya ɓoye a gidan nan sai na gano? Ni dai abin da na sani, duk ranar da kasuwa ta fi ci ranar yake rufe tebur ya tafi yawon wasansa, ya bar ni da tukunya." Iya ba ta taɓa son wasan ba, kuma ba ta ɓoye ba. Amma ita ke wanke farar kaftanin nan ta goge, kuma ba ta taɓa bari wani ya taɓa ta ba.

Da ciwo ya kwantar da shi na kan je bayan an tashi makaranta. Wata rana da yamma ya ce mini ƙungiya ta mutu, yara yanzu sai waya, ba wanda zai tuna an taɓa yin wani Baƙo. Na ce ni zan tuna, kuma zan faɗa. Na yi masa alkawari da bakina. Ya dube ni da idon nan nasa da ya ƙanƙance saboda gilashin agogo, ya nemi in gyara masa matashi.

Ranar sadakar bakwai na zo da shirina. Na tsara abin da zan faɗa tun a gida, har na maimaita wa matata sau biyu. An cika maƙil, don labarin ma'aikacin sirri ya jawo har waɗanda ba su san marigayi ba. Aka yi addu'a, aka fara raba waina. Na gyara riga zan miƙe ke nan sai ga dattijon nan ya dawo, da ɗan buhun gero a kai, sadaka. Ba shi kaɗai ba ne. Bayansa akwai wani magidanci ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa, da na ga fuskarsa na san ɗan wane ne. Babban ɗan maƙwabcin nan ne. Uban ya rasu bara, in ji dattijon, ɗan ne yanzu a kan gonar.

Magidancin ya yi gaisuwa a gajarce. Ko tabarmi bai zauna sosai ba ya fara magana, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Alhaji, ni tambaya ta kawo ni. Mahaifinmu har ya mutu yana cewa jami'i ne ya sa shi ya bar wani yanki na gonarmu. To a tasha yau na ji wasu suna cewa wai marigayin nan ba jami'in komai ba ne, ɗan wasa ne kawai mai gyaran agogo. In haka ne, to an cuci mahaifinmu, kuma bana kafin shuka za mu koma inda muke. Ina so in ji daga bakin 'yan gida."

Na dubi dattijon. Yana tsugune gefen buhun geronsa, ya ɗora hannu a kai. 'Ya'yansa mata ne, duk sun yi aure a wasu garuruwa. Ba shi da wanda zai tsaya masa a bakin gamba.

Kawu Ƙarami ya yi wani murmushi da ba zan manta ba har in mutu. Ya nuna ni da carbi.

"Ga wanda ya fi kowa sanin aikinsa nan. Tare suke yawo. Dama ya ce yana da jawabin da zai yi wa jama'a yau. Malam, bismilla."

Duk aka juyo. Magidancin ya ƙura mini ido ya ce, "Ai na gane ka. Kai ne mai unguwan ranar. To gaya mini tsakaninka da Allah, tare kuke da shi ko ba tare kuke ba?"

Na miƙe. Jawabina yana nan a bakina, kalma bayan kalma. Na dubi babban ɗan Kawu yana gyara hula, na dubi mai babbar rigar nan yana cusa waina, na dubi ƙofar gidan da Iya take ciki. Sannan na dubi hannun dattijon a kan buhu.

Na ce, "Ba tare muke ba. Mu wasa muka je yi. Shi aiki ya kai shi. Ma'aikaci ne, kuma waɗanda suka aike shi suna nan ba su mutu ba."

Magidancin ya daɗe yana kallona. Sannan ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙan marigayi, ya juya ya tafi ko waina bai ɗauka ba. Dattijon ya rarrafo ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya, yana cewa shi dama ya sani, shi dama ya sani. Jama'a suka ɗauki kabbara. Daga ranar magana ta zauna a Bolewa, tunda wanda ya fi kowa kusa da shi ya tabbatar a gaban taro.

Allah ya jiƙan Kawu, mai gyaran agogo, ɗan wasa, wanda bai taɓa karɓar albashin kowa ba. Na rubuta a nan, inda babu sunansa, babu sunan ƙauyen, don nan kaɗai ya rage mini in faɗa.

Da aka watse ina naɗe tabarmi, Kawu Ƙarami ya zo wucewa zai shiga motarsa. Ya tsaya, ya ɗora mini hannu a kafaɗa, turarensa ya cika mini hanci.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yau kam ka fitar da mu kunya."

Mutane suna kallo. Na ce amin.